Layin da Malam Msiska Ya Tsallake

"Ke, ba shi ne wancan ba?"

"Wa?"

"Mamacin mana! Ga shi can ƙarƙashin mangwaro yana cin tuwo."

"Rufe mana baki, wane irin mamaci ne da loma a hannu?"

Malam Kondwani Msiska ya ji su sarai. Mata huɗu ne cikin baƙaƙen zannuwa suka sauko daga motar Blantyre, a tsakiyarsu ga 'yarsa Tiwonge, idanu sun kumbura. Tun daga kwanar gari take mamakin rashin ganyen da ake shimfiɗawa a hanya idan an yi rashi. Da ta gan shi sai ta zube a ƙasa.

"Baba! Kai ne?"

"To da wa za ki tarar a gidana?" Lomar ta faɗi daga hannunsa. "Wa ya mutu?"

"Kai, Baba. Kai aka ce."

Shekara talatin da takwas Malam Msiska ya yi yana koyar da Turanci a firamaren wani ƙauye bayan garin Rumphi. Ba a san shi da komai ba kamar salon maganar Turawa, irin wadda kalmominta daban, nufinta daban. Lokacin da yake kwalejin malamai, littafi ɗaya tak ke akwai na irin waɗannan maganganu, ɗalibai sittin, kowa awa biyu. A awa biyunsa ya raba shafukan littafin rubutunsa da layi, magana a hagu, ma'ana a dama, ya kwafe guda ɗari biyu cikin sauri. Daga nan yake zuba su a allo duk shekara, yara su kwafa, su haddace. Wanda ya kuskure ya sha rula. Tiwonge kaɗai ta tsira, don a wurin gwaggonta ta tashi a Blantyre.

Aka aika a kira Chimwemwe Gondwe, sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, shi ne ya tura wa Tiwonge saƙon da ya taso ta. Ya iso yana haki.

"Malam, ni fa alheri na rubuta. Na ce mata da Turanci jiya ka shure bokiti, duk gari ya hallara, an yanka awaki biyu. Sai cajin wayata ya ƙare."

"To ai daidai ne," in ji Malam. "Shure bokiti, yin gagarumin biki. Na cika shekara saba'in, suka yi mini walima. Ina laifi?"

"Baba," Tiwonge ta share hanci da gefen zani, "mutuwa ake nufi. Ko'ina a duniya mutuwa ake nufi."

"Ke za ki koya mini Turanci?"

Ta nemo ma'anar a wayarta, ta miƙa masa. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Sai ya shiga ɗaki ya fito da tsohon littafin, bangonsa ya sha ɗinki da zare. Ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa, ita kuma tana duba kowace magana a waya. Na sama duk daidai. Da suka zo kan bokitin, yatsan ya tsaya. Ma'anar da ke gabansa ta maganar da ke ƙasa ce, ta yanka maraƙi mai ƙiba. Ita ma maganar maraƙin ta ɗauki ta ƙasa da ita. Haka har gindin shafi, guda goma sha ɗaya. Layi ɗaya ya tsallake a ɓangaren dama ranar da yake sauri. Ta ƙarshen ma da wata tawada aka cike ta, ya tuna shi ya ƙago ma'anar da ya ga gurbin a wofi.

Ya zauna a kan turmi bai sani ba.

"Shekara talatin da takwas," ya ce. "Gondwe, ku nawa ne?"

"Mun haura dubu biyu, Malam. Ni kaina a bikin aurena na ce na shure bokiti, aka yi ta tafi."

Ɗaya daga cikin matan ta toshe baki da zani, kafaɗunta na girgiza.

Gondwe ya matso ya rage murya. "Malam, a bar shi a nan. Mu ce ni na yi shirme. Wa zai sani? Kai ne fa Turancin garin nan."

Hankalin Malam ya koma can baya. Wata yarinya yake gani, Lusungu Harawa, 'yar aji bakwai, wadda ta taɓa ɗaga hannu ta ce yayanta da ke aiki a Zambiya ya ce mutuwa ake nufi. Rula shida ya ba ta a tafin hannu, ya sa ajin ya yi mata dariya. Ba ta ƙara ɗaga hannu ba har ta bar makaranta. Yanzu tumatir take sayarwa a bakin kasuwa, kuma duk safiya sai ta rusuna ta gaishe shi. Ko a walimar ita ta tuƙa tuwo.

Ya rufe littafin, ya miƙe da ƙyar.

"Tiwonge, ba wa baƙinki abinci, sun sha hanya. Kai kuma Gondwe, je ka roƙi hedimasta ya ara mini aji da alli ranar Asabar, ka sanar da kowa. Amma kafin nan, don Allah ka raka ni wurin Lusungu, ka riƙe mini littafin nan."