A Nan Makarantar Take

Wata mata tana tsaye a bayan mai kwamfuta, a shagon da ake buga manyan taswirori, kamar za ta cinye shi ɗanye. Doguwa ce, ta manyanta, mayafinta ya zame ko kula ba ta yi ba. A allon kwamfutar akwai hoton wata unguwa da aka ɗauko daga sama, rabi rufin kwano, rabi jar ƙasa da sawun motar rusau.

Tana dangwala yatsa har allon na girgiza.

"Zagaye nan da ja. Rubuta makaranta."

"Hajiya, ai fili ne, babu komai."

"Fili? Ni na dasa bishiyar ƙofarta! Rubuta, kuma ka ƙara wa rubutun girma. Makafi zan kai wa."

Ina jin malama ce, don muryar ta saba tsawata wa aji. Wataƙila gobe za ta tsaya gaban waɗanda suka ba da umarnin rushe makarantar.

Injin yana turo taswirar a hankali, faɗinta kamar ƙyauren ɗaki. Ta tare ta da hannu bibbiyu kada ta taɓa ƙasa.