Metir Nomau Ba Ya Karɓar Ɗa Sai Daga Hannun Uba

Na san Nomau tun kafin a fara ce masa Metir, kuma ban taɓa ƙaunarsa ba. Zan faɗi abin da na sani game da shi yadda yake, domin mutanen Agadas sun fara ba da labarinsa kamar na waliyyi, alhali yana nan da ransa a bayan kasuwar dabbobi yana tauna taba da kanwa.

Ɗan dukawa ne na tsohon gari. Ubansa jakunkuna da takalma yake ɗinkawa. Yana yaro ƙarami uban ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani babban baduku, aka raba goro, aka yi fatiha, aka ce ga amana. Haka ake shiga sana'a a unguwarsu. Bai daɗe ba aka zo ɗaukar yara lakwal, makarantar boko, aka haɗa da shi. A lise muka haɗu, wato sakandare, ina gabansa da aji ɗaya. Ni na tafi Dakar karatun likitan dabbobi, shi ya zama magatakarda a gidan shari'a, ya yi shekaru yana rubuta abin da wasu suka faɗa. Sai da furfura ta fara fito masa ya koma jami'a a Yamai, ya fito aboka, mai tsaya wa mutum gaban alƙali, aka fara ce masa Metir kamar kowane aboka. Bai zauna a Yamai kamar sauran ba. Ya dawo gida ya kama ɗaki biyu, ya kafa allo a ƙofa.

Wannan shi ne kabinensa, wato wurin aikinsa, har yau. Dosiyoyi, takardun shari'a, suna jibge a ƙasa cikin kwalayen madara. Fanka ɗaya ce, ita ma sai an tura ta da sanda take tashi. Masu zuwa wurinsa masu lambu ne, da makiyaya, da zawarawan da dangin miji suka kora daga gida, da direbobin da aka kama wa mota. Yana yi musu tsawa kamar bayinsa, su kuma su dawo gobe. Ba ya zuwa ko'ina da wuri. Ya sha barin alƙali yana jira.

Dokoki biyu gare shi. Ta fari, ba ya tsayawa kan rijiya ko gona ko gida sai shi ko yaronsa ya je ya gani da ido. Ta biyu, ba ya ɗaukar matashi istaj, wato zaman koyon aiki, sai uban ya kawo shi da kansa, ya sa hannun ɗan a cikin nasa, an yi fatiha, kamar yadda aka kai shi wurin baduku. Takardar jami'a ba ta isa ba. In uba ya mutu, wanda ya gaji matsayinsa ya zo. Mutane suna ganin wannan abin sha'awa ne. Ni ina ganin girman kai ne na mutumin da yake son a durƙusa masa.

Ɗana Alkasum ya gama karatun shari'a a Yamai a sahun gaba. Wani babban kabine na can, mai aiki wa kamfanonin haƙar ma'adinai, ya ba shi wuri. Biro, wato ofis, mai sanyi, albashi, da alkawarin tura shi Faransa ƙarin karatu. Ya zo hutu ya ce mana wurin Nomau zai zauna.

Na ce, "Ka ga wurin kuwa? Akuya tana shiga ta ci takarda."

Ya ce, "Baba, na yi hutun bara a wancan kabinen. Tun da na shiga har na fita ban ga fuskar mutum ɗaya da muke yi wa aiki ba. Akwai wanda ya shekara shida a can, bai taɓa buɗe baki gaban alƙali ba. Jakar patron, mai wurin, yake ɗauka."

"Jakar patron tana ciyar da gida."

"Wurin Metir, wata ba zai ƙare ba zan tsaya in yi magana. In na yi kuskure, ina ganin wanda na cuta. Kuma nan ne gida. Ko kana so in riƙa zuwa muku sau ɗaya a shekara da turare a kwali?"

Uwarsa Habsa ta yi dariya, ta ce turaren ma ba ya kawowa. Da safe na sa babbar riga, na sayi goro, na kai shi. Nomau ya riƙe hannunsa ya dube ni ya ce, "Doktor, yau dai ka shigo ɗakin akuya." Ashe maganar ta riga mu isa.

Shekarar da ta biyo ita ce 2010. Daminar da ta wuce ta ƙi, ciyawa ta ƙare tun kafin sanyi ya wuce, sojoji suka karɓi mulki a Yamai. A aikina na ga shanu suna faɗuwa a bakin rijiya, ba wanda yake da ƙarfin yanka su. Rijiyoyin daji da suka ƙafe suka tura makiyaya kan lambuna, rigima ta yi yawa, ɗakin Nomau ya cika. Alkasum ya rame, amma ban taɓa ganinsa da fara'a kamar lokacin ba. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba.

Cikin tsananin zafi wata tsohuwa ta zo daga wajen Tabelot, can cikin dutse. Wani maƙwabcinta ya sa injin ban ruwa ya zurfafa rijiyarsa, tata ta bushe, albasarta da dabinonta suna mutuwa. Nomau ya ce sai an je an ga rijiyoyin biyu. Shi ƙafarsa tana ciwo, sai ya tura Alkasum. Yana da tsohuwar mota, amma bai ba shi ba. Ya haɗa shi da wani kamiyon albasa, babbar motar kaya, da zai koma dutse. Alkasum ya je lafiya, ya auna abin da zai auna. A dawowa kamiyon ya cika da buhuna, fasinjoji suna bisa kaya. Birki ya ƙi a wata gangara. Mutum huɗu suka mutu, ɗana yana ciki. Yana da shekara ashirin da shida.

Nomau ya zo zaman makoki kowace rana. Ya zauna can gefen tabarma, bai ce komai ba sai abin da kowa yake faɗa. Bai nemi gafara ba. Da aka share makoki ya shiga gidan shari'a da awon da aka samu a jakar Alkasum, tsohuwar ta sami ruwanta. Daga nan ne mutane suka fara yabonsa.

Saura mana ƴa ɗaya, Balki, ƙanwar Alkasum. Ita ma shari'a ta karanta. A ƙarshen shekarar, sojoji suna nan kan mulki, ta ci jarrabawar shiga aikin aboka. Babban kabinen nan na Yamai ya tuna da sunan gidanmu ya kira ta. Na yi murna. A can ba a hawa kamiyo. Sai ta dawo Agadas, ta ajiye jakarta, washegari ta tafi bayan kasuwar dabbobi.

Ta dawo kafin azahar ranta a ɓace. Ashe Nomau ya ce mata, "Je ki zo da ubanki."

Ranar ce kaɗai na gode wa dokarsa. Na ce mata ba zan kai ta ba, ko yau ko gobe.

Ta ce, "Baba, ba Metir ne ya tsinke birkin ba."

Na ce, "Shi ya ɗora shi bisa buhunan."

"Yaya da kansa ya hau. Ni ma da ni ce, zan hau."

"To kin ji dalilina."

Ta je ta roƙi kawunta Illiya, yayan uwarta, ya raka ta da goro. Nomau ya tarbe shi, ya ba shi shayi, ya ce, "Alhaji, kai mutumin kirki ne, amma ubanta yana da rai, gidansa ma ana hango shi daga nan. Ɗauki goronka." Illiya ya zo ya gaya mini haka yana dariyar kunya.

Na ɗauka magana ta ƙare, za ta koma Yamai. Ba ta koma ba. Ta rubuta wa babban kabinen ta ce ta gode. Ta samo wata aboka a Damagaram, Metir Rabi, mai ɗaki ɗaya kusa da kasuwa, wadda ba ta tambayar uban kowa. Ta ce mana can za ta tafi. Da Balki ta fita Habsa ta ce mini, "Ɗaya yana ƙasa, ɗaya za ta Damagaram. In dai ƙaramin wuri take so ko ta yaya, gara wanda zan riƙa ganinta da yamma. Tashi ka je wurin mutumin nan."

Na je. Tun ranar da na kai Alkasum ban taka wurin ba. Ya kori mutanen da suke ciki, ya tofar da tabarsa, ya nuna mini kujera. Ban zauna ba.

Na ce, "Ka ɗauke ta. Ban hana ba. Amma ni ba zan kawo ta ba."

Ya ce, "To ba zan ɗauke ta ba, Doktor."

"Na ce maka ban hana ba. Me kake so kuma?"

"Rashin hani daban, bayarwa daban. In na ɗauke ta haka, ɓarawo nake. In ka sa hannunta a nawa, amana ce."

"Na taɓa ba ka amana. Ina take?"

Ya duba ƙasa, ya ce, "Tana inda muka kai ta tare."

Na ce, "To ga sharaɗi. Zan kawo ta, da goro da fatiha, yadda kake so. Amma ba za ta fita gari ba. Ta zauna nan da takardu, ta je gidan shari'a ta dawo."

"In haka ne ka kai ta Yamai, sun fi ni fanka. Wanda yake aiki da ni yana zuwa ya gani. Ba zan yi maka alkawarin da zan karya ran da wata tsohuwa ta shigo ba. Ita ma ba za ta yarda ba, ka fi ni saninta."

"Kalma ɗaya ce za ka faɗa, Nomau, yarinya ta zauna kusa da uwarta."

"Kai ma kalma ɗaya ce."

Na fito. Ana cewa wannan riƙon gaskiya ne. Ni abin da na gani shi ne mutumin da aka ba zaɓi tsakanin al'adar rumfar dukanci da uwar da ta binne ɗa, ya zaɓi al'adar. Bai rasa komai ba. Yana nan yana yi wa talakawa tsawa suna sa masa albarka, kuma na ji wani uban ya riga ya kai masa nasa ɗan.

Balki ta tafi Damagaram a motar safe. Habsa ta raka ta tasha, ni na tsaya a ƙofar gida. Tana kira ranar Juma'a, ta fi daɗewa da uwarta, ni a ba ni a ƙarshe. Juma'ar da ta wuce ta ce mini ta tsaya gaban alƙali karo na fari, muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce washegari za ta wani ƙauye wajen Tanut duba iyakar gona.

Na ce, "A wace mota?"

Ta ce ba ta sani ba tukuna, sai ta je tasha ta ga wadda ta samu.