Motar Yaya da Kwalbatin Lungunmu

Shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare Yaya ya sayi mota. Ba sabuwa ba ce, ta sha duniya kafin ta iso hannunsa, amma yadda yake goge ta kowace safiya sai ka rantse jaririya ce ake wa wankan suna. Ni ce auta a gidanmu na Ƙofar Dumi, kuma ko inuwata ce ta faɗa kan motar nan sai Yaya ya ce na bar mata tabo.

Wadda ta fi kowa morar motar ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Gwiwoyinta sun daɗe da daina yi mata biyayya. Daga ɗakinta zuwa zaure sai ta huta a hanya, zuwa bakin titi kuwa ba a ma maganarsa. Acaɓa ba ta iya hawa, keke napep kuma ta ce girgizarsa kwance mata ƙasusuwa take yi. Haka ta daɗe a ɗaki tana jin labarin gari daga bakin masu shigowa gaisuwa. Ƙanwa ɗaya ce ta rage mata a duniya, tana can wajen Shadawanka, ita ma ba lafiya ce ta ishe ta ba. Sai dai su yi ta ihu a waya, kowacce tana cewa ɗayar ta ɗaga murya.

Da mota ta zo, sai Yaya ya riƙa naɗe madubai yana lallaɓowa da ita cikin matsattsen lungunmu har ƙofar zaure. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai ɗauki Kaka ya kai ta wurin ƙanwarta. Ni ce 'yar rakiya, mai riƙe sanda da kwanon masa.

A bakin lungun akwai kwalbati, wani tudun siminti da aka ɗora kan kwata. Wanda ya gina shi ina jin ganuwar gari aka ce ya yi, ya ɓata hanya ya zo unguwarmu. Duk da haka motar tana haye shi lafiya lau, domin doguwar ƙafa gare ta.

Doguwar ƙafar nan ce ta jawo rigima. Yaya yana da abokai masu haɗuwa da yammacin Lahadi, kowa da motarsa a kwance da ƙasa kamar ƙadangare ya samu dutse mai ɗumi. Su suka sa wa tasa suna Raƙuma. Ɗaya daga cikinsu ya ce tsakanin taya da jikin motar akuya za ta iya haihuwa ta yi jego ba a sani ba. Yaya ya dawo gida ranar ko tuwo bai ci da yawa ba, kuma wanda ya san Yaya ya san wannan babban al'amari ne.

Ya shiga kallon bidiyo a waya ba dare ba rana, har ni da ke leƙe ta bayan kafaɗarsa na kusa zama bakanike. Hanya biyu ce ta sauke mota. Ta farko a cire sifirin ɗin da ta zo da shi, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta a saman kowace taya, a sa gajere. Ta biyu a cire sifirin da shakazoba, wato abin da ke shanye girgizar hanya, gaba ɗaya a sa wani abu da ake kira kwailoba, wanda ya haɗa su biyun a jiki ɗaya, yana da zare a jikinsa kamar na noti da wani zobe da ake murɗawa da sufana, mota ta sauka ko ta tashi yadda mai ita ya ga dama.

Wata rana ya kira mai sayar masa da kayan mota, wani mutumin kudu da ya daɗe a Bauchi, ya buɗe muryar wayar a tsakar gida.

"Oga, sifirin gajere yana da sauƙi," in ji mutumin. "Ka sa shi, mota ya sauka, shi ke nan. Amma ba ya tashi kuma fa. Inda ya zauna, nan ya zauna. Kuma zai yi tauri, shakazoba naka zai gaji da wuri."

"Kwailoba fa?"

"Wannan kai ne sarki. Yau ƙasa, gobe sama. Amma aljihu zai yi kuka, Oga. Kuma sai na aika an kawo."

Abin da Yaya ya tanada gajeren sifirin kawai zai saya. Ga shi kuma babban abokinsa ya kusa aure, za a yi jerin motoci, kuma Yaya ya rantse ba zai shiga jerin nan a kan Raƙuma ba.

Ina tsinken zogale na ce, "Yaya, kwalbati fa?"

"Wa ya sa baki da ke? Yatsu uku kacal za ta sauka."

"Yatsun wa? Naka ko na jariri?"

Ya jefe ni da silifa. Ni kuwa na kwasa sai ɗakin Kaka, na ce mata Yaya zai yanke wa mota ƙafafu huɗu, daga yau da ciki za ta riƙa tafiya kamar maciji, ko tabarma aka shimfiɗa a hanya sai an ɗaga ta. Na zaci za ta yi dariya ko ta yi faɗa. Sai ta ci gaba da jan carbinta, ta ce, "To ai motarsa ce, Auta." Ban ji daɗin yadda ta faɗe shi ba.

Da Yaya ya shigo gaishe ta sai ta saki fuska. Da ma Ango take ce masa, irin wasan kaka da jika.

"Ango, an ce za ka gurgunta amaryar taka. Ni da na gurgunce ban ishe ka ba?"

"Kaka, kada ki biye wa yarinyar nan. Har ƙofa zan ci gaba da zuwa, in sha Allahu."

Maganar ta kai kunnen Baba. Shi Baba hatsi yake sayarwa a Kasuwar Muda Lawal, kuma bai yarda da abin da ba a auna ba, ko labari ka ba shi sai ya tambaye ka mudu nawa ne. A nan dabara ta zo mini. Na tuna duk ranar da Baba ya sa Yaya ya ɗauko wa gida masara, motar durƙusawa take yi. Na ce me zai hana a loda mata buhuna har ta sauka yatsu ukun nan, sannan a gwada ta a kan kwalbati kafin a sayi komai?

"Baba, ba ɗaya ba ne," in ji Yaya. "Gajeren sifirin ya fi tauri, ba ya lotsawa kamar wannan."

"Ni ban san sifirin ba," in ji Baba. "Ka ce ƙasa za ta yi, to mu ga ta yi ƙasan. Auta ta yi hankali yau, a rubuta."

Ranar Juma'a daga masallaci suka wuce kasuwa. Aka sa buhuna a but, aka zaunar da ɗaya a kujerar gaba don kada gaban ya ɗage. Yaya ya zagaya taya huɗu yana aunawa da yatsunsa har ya gamsu. Ni ina bakin lungu ina jira, da ni da duk yaran da na gaya wa za a yi kallo, wato rabin unguwa.

Ga mota nan tafe a durƙushe, buhun masara a gaba ya hakimce kamar wani Alhaji da direbansa. Yaya ya karkato ta, ya hau kwalbati taya ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai tsallake barcin jariri. Ta wuce. Ko ƙyas ba mu ji ba. Ya danna ham, ya leƙo ta taga ya yi mini gwalo, babban mutum da gemunsa.

Abin da dukanmu muka manta, har da Baba mai awo, shi ne motar nan ba shigowarta ce aikin ba, fitarta ce. Kuma da Kaka take fita. Kaka kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, ba ƙaramar mace ba ce, sannan ba ta zuwa gidan ƙanwarta hannu sake. Ranar akwai kwanon masa, da kular miyar taushe, da ƙullin daddawa, da ƙwaryar gero, da butarta, da dardumarta, da kujerarta 'yar tsugunno domin ta ce ta gidan can tana cizo.

Yaya ya ce bari a sauke buhunan tukuna. Kaka ta ce, "A'a. Ba ni ake gwada wa ba? Haka za mu tafi."

Muka shiga baya ni da ita da kayanta. Motar ta yi wani nishi. Muka doshi kwalbati, Yaya ya karkato kamar ɗazu, tayoyin gaba suka haye. Sai muka ji ƙuuuu, wata ƙara da na tabbata an ji ta har Muda Lawal. Motar ta zauna da cikinta a kan siminti daram. Ya taka mai, taya ta yi ta juyi tana watsa ƙasa, ba gaba ba baya. Mun toshe lungu, acaɓa sun yi layi ta ciki da ta waje suna ta ham.

Tela ya fito da awo a wuya, maƙeri ya fito, mai shayi ya bar tukunyarsa. Kowa da shawararsa: a tura, a ja, a ɗaga, a sace iskar taya, wanda ya ce a sace iska aka kore shi. Yaya cikin shaddarsa ta Juma'a ya kwanta a ƙasa yana leƙen ƙarƙashin mota, gumi yana bin gemunsa.

Kaka kuwa ta sa na sauke mata gilashi, ta buɗe fada.

"Kai tela, ashe kana nan? Ina uwarka? Yaron nan na maƙeri ne ya girma haka? Zo nan in gan ka. Auta, ba shi masa."

Kafin a gama sauke buhuna an cinye rabin kwanon. Da aka fitar da na ƙarshe motar ta miƙe, maza suka ɗan ɗaga bayanta, muka sauka titi. Ashe salansar motar ta fashe, muka ratsa gari muna ruri kamar jirgi zai tashi. Na so in rama gwalon nan, amma da na hango fuskar Yaya a madubi sai na adana shi.

Mun isa la'asar ta wuce. Ƙanwar Kaka muka tarar a zaure kan tabarma, jikokinta suka ce tun da aka sauko daga masallaci ta sa aka fito da ita, an yi an yi ta koma ciki ta ƙi. Ba ta ce sannu da zuwa ba, sai ta kama hannun Kaka ta riƙe, ta ce, "Na ce ko ba za ki zo ba." Yaya yana tsaye da kujera 'yar tsugunno a hannu, duk shaddarsa ƙasa, yana kallonsu.

A hanyar dawowa Kaka ta ce, "Ango, ka sa abinka ka ji. Kai yaro ne, lokacinka ne. Wanda ka yi mini ma Allah ya biya ka."

Yaya ya gyara riƙon sitiyari. Ya dai rage gudu a kan wani rami fiye da yadda ya saba.

Gajeren sifirin dai ba a saya ba. Ranar bikin abokinsa Yaya ya shiga jerin motoci a kan Raƙuma, ta fi kowace mota tsawo, daga nesa kamar malami a tsakiyar 'yan aji ɗaya. An tsokane shi har ya gaji da murmushi. Ya ci gaba da tara kuɗin kwailoba, ya daina sayen turare, ya daina cin tsire a waje, abin da ya fi taɓa ni domin ni ke cinye ragowar.

Sai bayan damina kwailoba ta iso. Saita ta ma wani biki ne. Bakanike zai ɗaga mota da jak, ya cire taya, ya murɗa zobe, ya mayar. Yaya ya taho gida, a ɗora Kaka da ni da kwano da kula da kujera, a doshi kwalbati, tela ya tsuguna yana leƙawa yana cewa, "Saura kaɗan ta taɓa!" Sai a sauke mu, ya koma gareji a ƙara ɗagawa. Kaka ta ce tunda take ba a taɓa yawo da ita haka ba, kuma duk yawon bai wuce bakin lungu ba. A ƙarshe aka tsaya inda motar ke hayewa da mu shiru, aka kai ta aka daidaita tayoyi.

Saukar da ta yi ba ta fi yatsa ɗaya ba, shi ma ɗan ƙaramin. Abokansa suka zagaya ta suka ce, "Wai ka sa kuwa, ko a but ka ajiye?" Yaya ya ce duk Lahadin da ya ga dama zai kwantar da ita ƙasa su sha mamaki, ya mayar kafin Juma'a. Sufanar tana nan cikin mota a ledarta. Har yau Lahadin ba ta zo ba, Juma'a kuwa ba mu fasa ko ɗaya ba.

Ni ban iya godiya da baki ba, in na fara sai ta koma tsokana. Amma na ji bakanike yana gaya masa cewa in laka ta bushe a zaren nan tsatsa za ta kama shi, zoben ya ƙi murɗuwa. Don haka ranar Asabar nakan ɗauki tsohon buroshin haƙori da ruwa a roba, in sa ya karya sitiyari, in tsuguna ina zura hannu ta bayan taya ina gogewa. Ranar farko ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo.

"Auta, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau. Matsa, ka tare mini haske."

Ya matsa. Can ya dawo ya ajiye mini ƙullin tsire a kan but, ya ce in na ɗiga mata mai sai na wanke motar gaba ɗaya.