Tanko Mai Teku da 'Yarsa ta Fari

A Matameye in ka ce Tanko Mai Teku, ko akuyar tasha ta san wanda kake nufi. Shayi yake sayarwa, kuma duk wanda ya sha kofi ɗaya sai an ɗora masa gyaran labarin karnukan teku.

Cin rani ya tafi Legas kamar kowa, lokacin 'yarsa ta fari, Ruƙayya, tana goye. Abokan tafiya suka dawo da ruwan farko, shi kuwa ya samu aikin girki a jirgin ruwa. Jirgin ya sauke shi a Namibiya, ya ƙare da shara a wani gandun bakin teku da aka killace wa dabbobin nan. Damina ta bi damina, Tanko shiru.

"Kai irin na kare, jiki kamar buhun gero ya sha ruwa," haka yake kwatanta su. "Ga gashi lulluɓe, ruwa ba ya ratsa shi. Wari kuwa, mahautarmu turare ce."

"Tanko, rage mana hanya," in ji direbobi.

"Kai da ko tabkin Dungu ba ka iya ƙetarewa, me ka sani?"

Inda muryarsa ke sauka shi ne wajen uwayen. Uwa takan bar ɗanta cikin dubbai ta shiga teku kamun kifi, ta yi kwanaki. In ta fito sai ta ɗaga kai ta yi ta kira, ɗan ya amsa da kuka kamar na ɗan akuya. Ta ratsa taro, ta shinshina shi, ta kwanta ya sha. Ɗan wata in ya matso, ture shi take.

Da Tanko ya dawo da furfura, uwar Ruƙayya ta rasu. Ƙanensa Mahamadu ne ya raini yarinyar har ya aurar da ita, shi take kira Baba. Ta zo gaisuwa, ta durƙusa. Tanko, mai bakin da ba ya rufuwa, ya kau da kai ya ce, "An yini lafiya?" Kunyar 'yar fari: ba a faɗin sunanta, ba a sakin fuska. Abu ɗaya yake so a duniya, ta san yana sonta, amma ya riƙe al'ada gam kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Mahamadu ya ce, "Yaya, wannan kunyar ta wanda ya zauna ce. Kai ka yi nisa, cewa za ta yi ba ka damu da ita ba."

"A ce Tanko ya je ƙasar Turawa ya zubar da kunya?"

"Namibiya ba ƙasar Turawa ba ce."

"To ka ji! Ya ma fi muni."

Haka kuwa Ruƙayya ta ɗauka, bai damu da ita ba. Gaisuwa ta koma daga salla sai salla.

Bara mijinta ya samu aiki a Agadas, suka zo shiga mota a gaban teburinsa. Ta gaishe shi daga nesa, ta hau. Mahamadu ya zungure shi: "Kira ta mana!" Tanko ya tashi da buta a hannu. Sai da mota ta fara tafiya ya iya cewa, "Ke!"

Mata uku suka waiwayo. Babu ita a ciki.