Shirun da Ke Tsakiyar Kaset ɗin Kawu

Kawuna, ƙanin Umma, yana da kaset guda ɗaya tak, kuma wannan kaset ɗin ya isa ya kori baƙo. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa zuwa aron turmi, ta kai rabin matakala ta ji abin da ke tashi daga ƙasa, ta juya ba turmin. Daga baya ta aiko a tambaya ko lafiya muke.

A unguwar Hindawiyya a Makka muke zaune, hawa na biyu, saman shagon wani tsoho da duk layinmu ke ce wa Baba Tela. Kawu ya zo umara tun ina goye, bai koma ba. Gyaran mukayyif yake yi, na'urar sanyaya ɗaki, kuma a zafin Makka mai wannan sana'a ba ya rasa masu gaishe shi. In ya dawo aiki bayan la'asar sai ya yi wanka, ya sa kaset ɗin a aljihu, ya sauka shago, don Baba Tela ne kaɗai ya rage a unguwar da rediyo mai cin kaset. Asali ma kaset ɗin na Baba Tela ne. Kawu ya ji shi sau ɗaya ya nace, har tsohon ya gaji ya bar masa.

Kiɗan wasu Turawa ne na zamanin da, tun kafin a haifi Umma. Ba shi da amshi, ba shi da inda mutum zai kama ya rera. Yana farawa kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Sai jita ta shigo tana kuka irin na kyanwar da aka taka wa wutsiya. Mai ganga ya buga sau uku ya tafi shan shayi. Can sai wani mutum ya fara magana ƙasa-ƙasa kamar mai zazzaɓi. Waƙa ɗaya takan kai a ɗora shinkafa a sauke, a ci, a wanke kwano.

Umma ta yanke hukuncinta tun tuni.

"Wannan ba kiɗa ba ne, mukayyif ne ya lalace. Shi ya sa kake son sa, aikinka ne."

"Yaya, ke kunnenki na gidan biki ne," in ji Kawu. "In ba a yi guɗa ba ba ki ji kiɗa ba."

Ni kuwa ina bin sa shagon ne don in yi masa tsiya. Nakan kwaikwayi jitar da hanci, in kwaikwayi mai zazzaɓin har da rawar sanyi. Ban ankara ba sai na tarar na haddace abin daga farko har ƙarshe, har in mai gangar ya makara a zuciyata ina jin haushinsa.

Gardamarsu ɗaya ce kullum. Baba Tela ya ce gefen farko ya fi, domin a nan ne mutanen suke da sauran hankali, kuma yana iya yanka yadi a kansa. Kawu ya ce gefen farko share fage ne kawai. Kiɗan na gaskiya yana gefe na biyu, a wurin da babu kiɗa.

A tsakiyar gefe na biyu kiɗan yakan yanke kamar an sa masa almakashi. Daga nan kusan minti goma sha biyar ba jita ba ganga. Sai wani abu mai juyawa a hankali. Sai ƙarar ruwa yana zuba. Sai ƙofa ta rufe. Sai wani shuu-shuu mai yawa, kamar ana share tsakar gida da tsintsiya ɗari. Can daga nesa sosai sai wani gunji ya taso, dogo, kamar na maza masu yawa, ya kwanta. Bayan ɗan lokaci ya sake tasowa sau ɗaya. Daga baya ƙofa ta buɗe, kiɗa ya dawo daidai inda ya tsaya.

In an zo wurin nan Kawu yakan ɗaga hannu, dole keken ɗinki ya tsaya, ko da rigar ango ce a kai.

"Ka ji gwanaye," yakan ce bayan an wuce. "Kowa na iya buga ganga. Amma ka tara maza ɗari, ka kai su bayan dutse, ka ce su yi gunji sau biyu kawai su koma gida? Wannan sai wanda ya san kiɗa."

Baba Tela yakan duƙar da kai yana neman allurar da ba ta ɓata ba. "Gefen farko dai ya fi," shi ke nan abin da yake cewa.

Bara, wata ranar Talata, Kawu ya tafi gyara a unguwar Zahir bai dawo ba. An tsayar da su ana duba takardu, shi kuma ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Aka yi masa tarhil, wato aka mayar da shi Najeriya. Da kayan aikin da ke jikinsa ya tafi. Takalmansa na Juma'a har yau suna bayan ƙofarmu, Umma tana matsar da su ta share ta mayar.

Bayan wasu makonni ya kira daga Kano, garin da ya bari yana ɗan shekara ashirin. Mutumin da ke iya yin awa guda yana bayanin bugun ganga ɗaya, yanzu maganarsa ta koma uku: lafiya, alhamdulillah, a gaida kowa. 'Yan uwanmu na can suka ce wa Umma ba ya fita, ba ya hira, abinci ma sai an matsa. Na aika masa barkwanci ya fi buhu. Na kwaikwayi maƙwabciyarmu, na kwaikwayi malamarmu ta lissafi. Amsarsa hoton babban yatsa.

Sai ran nan saƙo ya shigo wayata, da kiran da ya saba yi mini da Larabci, wato ke yarinya: "Ya bint, kaset ɗina yana nan?"

Wannan ne abu na farko da ya nema tun da ya tafi. Na san in na kai masa shi, wataƙila bakinsa ya buɗe. In na kasa, za mu koma babban yatsa.

Kaset yana nan cikin aljihun tebur, amma ba mu da mai tafiya Kano a lokacin, kuma ko ya isa can ban san a me zai sa shi ba. Sai na yi dabarar zamani. Na sauka shago, Baba Tela ya kunna, na kara wayata da manhajar nan da ke sauraron kiɗa ta faɗi sunansa. Kafin in ƙifta ido ta kawo shi. Ashe abin shahararre ne. Ashe duniya cike take da irin Kawu.

Na kwashe yamma guda ina karanta ra'ayoyin mutane a ƙarƙashinsa, waya na fassara mini. Faɗa suke yi kamar a shagonmu. Wani na cewa gefen farko ya fi, wani na ce masa kurma. Wani ya ce sai ka saurara sau goma kafin ya buɗe maka. Wata ta ce mijinta ya sa shi a mota ta sauka ta ƙarasa a ƙafa, na ce wannan Umman wata ƙasa ce. Na yi ta dariya ni kaɗai, na tura wa Kawu kiɗan, ina jin kaina kamar wadda ta gina masa gida.

Bayan awa ɗaya ya amsa: "Wannan yankakke ne. Ina shirun?"

Sai a lokacin na saurari gefe na biyun da na tura. Babu shiru. Jitar ta wuce wurin kai tsaye ko tari ba ta yi ba. Na nemo wani, na nemo na uku, na nemo wanda aka ce shi ne cikakke. Duk babu. Har na rubuta a wurin ra'ayoyin ina tambayar inda aka kai shirun, wani ya amsa mini da alamar tambaya guda uku.

Washegari daga makaranta ban ko hau sama ba, na shiga shago da jakata.

"Baba, Turawan nan sun sace shirun Kawu."

"Wane shiru kuma, jikata?"

"Na gefe na biyu. Na duba duniya kaf, babu mai shi sai mu."

Ya tsayar da keke. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Jawo kujera," ya ce.

Ya ce yana saurayi a unguwar Jarwal suke zaune, a wani tsohon gida da ake saukar da alhazai. Wani alhaji Baturke da ya sauka wurinsu shi ke da kaset ɗin, kuma washegari zai tafi. Baba Tela ya aro shi na yamma ɗaya. A lokacin in za ka kwafi kaset, rediyo biyu kake haɗawa baki da baki, ɗaya na yi ɗaya na ɗauka. Yana tsakiyar gefe na biyu aka kira magariba. Ya kashe su duka biyun, don ba a bar kiɗa yana tashi ana kiran salla ba. Da aka gama kira sai ya ce bari ya kunna su ya tafi masallaci, aikin na ci gaba. Cikin sauri ya danna mai ɗauka, ya manta da mai yi.

"Abin da ke juyawa fankata ce," ya ce. "Ruwan nan butata ce. Tsintsiya ɗarin da kike faɗa silifan alhazai ne suna gangarawa ta ƙarƙashin taga."

"Maza ɗarin bayan dutse fa?"

Ya ce, "Magariba raka'a nawa ake bayyana karatu?"

"Biyu."

"To, amin ɗin masallacin bakin layi ne."

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa.

"Baba, shekara da shekaru kuna gardama, ba ka faɗa masa ba?"

"Da wane baki? In ce na sa amin ɗin bayin Allah a tsakiyar kiɗan Turawa? Ai kunya ta hana ni. Kuma kawunki in ya fara bayani, wallahi har ni sai in ji kamar akwai dutsen." Ya mayar da tabarau. "Gidan ma babu shi yanzu. Otal ne a wurin, hawa ban san nawa ba."

A ranar muka ɗauki kaset ɗin a wayata, baki da baki kamar yadda ya yi a Jarwal. Sau biyu rediyon ya cafke zaren, Baba Tela ya zaro shi a hankali ya naɗe da biro, ni ina addu'ar da ko ranar jarrabawa ban yi irinta ba. A karo na uku ya tafi har ƙarshe.

Saura magana ɗaya. In faɗa wa Kawu ko in bar shi da gwanayensa? Mutum an raba shi da gari, da aiki, da takalmansa, ni kuma in zo in ce masa abin da ya fi so a duniya kuskuren danna maɓalli ne. Na tambayi Baba Tela, ya ce ni na tono, ni zan rufe. Na tura kiɗan da farko ba tare da na ce komai ba. Na yi ta zagaye ɗaki. A ƙarshe na ga in ya gano daga baya zai ce na mai da shi yaro, sai na ɗauki murya na faɗa masa duka, fanka, buta, silifa, amin.

Kwana biyu ko babban yatsan babu. Na ce shi ke nan, na ƙarasa shi.

A rana ta uku saƙon murya ya shigo, minti goma sha ɗaya. Na kira Umma daga kicin muka zauna a kansa.

"Ki faɗa wa tsohon nan," in ji Kawu, "har yanzu gefe na biyu ya fi, kuma yanzu ba shi da bakin musu tunda shi ya yi shi. Ki ce masa ruwan butar ya shigo da wuri kaɗan, amma na yafe." Ya yi ta zuba. Ya ce ya saurara sau shida. Ya ce akwai wani mai jan ƙafa ɗaya cikin masu silifan, yana jin tsoho ne. Ya ce akwai tattabara a taga, da can yana ɗauka wata irin sarewa ce. Umma ta sa gefen mayafi tana goge hanci tana cewa albasa ce, alhali ranar ko albasa ba mu taɓa ba.

Dab da ƙarshe muryarsa ta sauka. "Ya bint, ki yi mini abu ɗaya. Gobe bayan la'asar ki ɗora wayar a tagar kicin, ki bar ta minti goma. Kada ki ce komai. Layinmu kawai nake so."

Na yi. Hon ɗin tasi ya shiga, da keken Baba Tela, da ƙwallon yara tana dukan ƙofar shago, da ɗigar ruwan mukayyif ɗin maƙwabta da Kawu ya ɗaura musu. A minti na bakwai Umma ta ƙwala mini kira in zo in kwashe shanya. Na ba shi haƙuri na ce zan sake. Ya ce in na goge wurin nan ba ni ba shi.

Yanzu kusan kullum nake yi. Umma ba ta iya dogon magana da shi a waya, da ta fara sai ta miƙo mini. Amma da ta ga wayar a taga sai wanke-wanke ya taso mata. Ta tsaya dab da ita, bayanta gare ta, tana gaya wa tukunya wanda ya haihu a layinmu, da wanda ya tashi ya koma Zahir, da yadda sabon mai gyaran mukayyif bai iya komai ba. Jiya minti goman ya cika ba ta gama ba. Na bar wayar tana ɗauka, na fita a hankali.