Kuɗin Laraba a Kebbe

Da asubar Laraba muka tashi daga Jabo, mu uku a babur ɗaya: mai babur, malaminmu na ajin yaƙi da jahilci, sai ni a baya rungume da jakarsa. Har na kai ƙofa uwar yara ta tsayar da ni, wai ban ajiye kuɗin Laraba na makarantar allo ba. Na ajiye, muka kama hanya. An kwana ana ruwa, gero ya fara fitar da kai, hanya kuwa ta zama kunu. Can da can sai in sauka in tura.

Ga dalilin tafiyar. Malamin nan sa'an ɗana ne, amma shi ya koya mini riƙon biro bayan furfura ta fito. Yana karatun digiri na biyu a jami'a, can birni. Shi da ire-irensa ake sawa su koyar da sababbin ɗalibai, su duba takardun jarrabawa. In aiki ya taso, malamai ne. In biya ya taso, sai a ce ai ɗalibai ne. Ɗan abin da ake ba su ko kuɗin mota ba ya kaiwa. Manyan malamai da sauran ma'aikata su ma albashi ya kasa riƙe musu gida, don haka duk suka shiga yajin aiki. Ɗiyata da ke karatu can tana gida tana daka. Malam kuma ya faɗa mana a fili: in iyaye suka juya musu baya, zai bar karatun ya tafi kudu sayar da albasa wurin kawunsa. Ajinmu na Asabar ya mutu ke nan, ni kuwa ko baƙaƙe masu lanƙwasa ban gama ba.

An raba musu garuruwa su yi wa iyaye bayani, shi Kebbe ta faɗo masa. Na ce zan raka shi, don na san mutanenmu, sun fi sauraron mai gemu.

A tashar Tambuwal muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan bana ya rame, sai ka ce shi ma ba a biyansa. Kuɗin motar Kebbe ya ƙaru a kan na bara, direba ya ce mu tambayi masu gidan mai. Aka cusa mu tare da buhunan taki da wata akuya da ta zaɓi ƙafata ta yi matashi. Ramukan hanyar duk sun cika da ruwa, direba ya san kowanne kamar danginsa. A wani wuri muka tsaya garken shanu ya tsallaka, makiyayin ko waiwayo bai yi ba.

A Kebbe, bayan azahar liman ya ba mu izini, aka zauna ƙarƙashin darbejiya a ƙofar masallaci. Iyaye sun taru, amma fuskokin ba na maraba ba ne. Malam ya fara bayani, Turanci yana kutsowa cikin Hausarsa, aka soma guna-guni. Sai wani dattijo mai sayar da hatsi ya ɗaga sanda.

"Malam, ɗiyanmu na gida zaune. Mai koyarwa ladarsa na wurin Allah. Yaushe malami ya koma ɗan ƙwadago?"

Jama'a suka ce gaskiya ne. Malam ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina kallonsa sai na hango shi a saman motar albasa. Ban saba magana a taro ba, amma na miƙe.

"Baba, yau wace rana ce?"

"Laraba mana."

"Jikokinka sun tafi makarantar allo hannu banza?"

"Subhanallahi! Ni? Ko shekarar da gero ya ƙi, ban taɓa hana malam nashi ba."

"To, Baba, ladarsa ta ragu don ya karɓa?"

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, sauran suka bi. Dattijon bai yi dariya ba. Ya tashi ya nufi rumfarsa, na ce a raina na ɓata komai. Sai ga shi ya dawo da tiyar gero ya dire gaban Malam. Malam ya ja da baya, ya ce, "Baba, ba sadaka muka zo nema ba."

"Kai yaro, wa ya ce ma sadaka ta? Sadaka in na so in ba, in ban so in hana. Kuɗin Laraba haƙƙi na. Ɗauki wanga ka kai birni, ka aje gaban waɗanda ka wa aiki, ka ce Kebbe haka muka yi da mai koya ma ɗiyanmu."

Nan take aka yanke cewa ranar da za a yi taron iyaye a birni, Kebbe za ta cika mota guda, dattijon a gidan gaba. Aka kawo mana fura da nono mai kauri, ba irin ta tasha da aka tsinka da ruwa ba. Malam ya sha har da ƙari.

Mun iso Jabo ana kiran magariba, laka har gwiwa, geron na cikin jakar Malam. Kada in yi muku ƙarya, har yau ba a ƙara musu komai ba, ɗiyata kuma tana nan gida. Dā ina cikin masu cewa a yi haƙuri a koma. Tafiyar nan ta nuna mini cewa haƙurina ba zai ciyar da iyalin wani ba, kuma wanda ya koyar da ɗiyata ba roƙo yake yi ba in ya ce a biya shi. Za mu je birnin, in an ƙi mu sake komawa.

Malam bai tafi kudu ba. Ranar Asabar ya shigo aji, ya rubuta kalma ɗaya a allo: haƙƙi. Lanƙwasa biyu a jere, abin da na fi tsoro. Na rubuta, na goge, na sake. Ban tashi ba sai da ta fito daidai.