Ranar da Malam Ya Ci Ɗanyen Kifi

Shin na sa gishiri a farfesun nan na ƙarshe, ko ban sa ba? Shekara uku ke nan ina tambayar kaina. Nakan tsaya a kicin ɗinmu na unguwar Shisha a nan Makka, in dubi kwalbar gishirin, in yi ta ƙoƙarin tuna ko hannuna ya kai gare ta ranar. Ban tuna ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, don ni ban iya karatu ba. In ta ga na yi shiru ta san kuka nake, sai ta jira.

Mijina Bakano ne, ni kuma daga Damagaram iyayena suka zo da ni Makka. Kanawa da mu abokan wasa ne, shi ya sa tun aurenmu ba ya kirana da suna, sai Badamagara. Sana'arsa gyaran kifi a kasuwa. Ana kawo kifin daga Jidda da safe, shi ya kankare, ya fasa ciki, ya yanka wa masu saye. Babu yatsarsa da ba ta da tabon wuƙa. Kuma duk abin da na dafa sai ya cinye tas, sannan ya ce, "Badamagara, kin cika gishiri." Ni kuma in ce, "To bar shi mana, Malam." Bai taɓa bari ba.

Da ciwo ya kama shi aka fara yi masa ƙarin ruwan magani a mustashfa, wato asibiti, sai ya daina cin abinci. In kawo tuwo da miyar kuka da zafinta, ya kau da kai. In yi masa kabsa, shinkafar Larabawa da nama, ya ce anjima. Ko zancen gishirin ya daina. Na ɗauka hannuna ne ya gundure shi, na shiga ɗaki na yi kukana ni kaɗai. Likita ya ce in ya ƙara ramewa za a kwantar da shi, a zura masa roba ta hanci a riƙa ba shi abinci. Malam ya ga yadda aka yi wa wani abokinsa haka. Ya riƙe hannuna a mota ya ce, "Don Allah kar ki bari a sa min robar nan."

A kwanakin yana yini a kwance yana kallon tashar girki. Akwai wani sanannen mai dafa abinci, mutumin Japan, da ake yawan nunawa. Malam ba ya jin abin da yake faɗa, wuƙarsa kawai yake kallo. Wata rana 'yarmu ta ce ai mutumin yana da gidan abinci a Jidda, kuma an ce ya zo da kansa zai yi mako guda. Makka ba zai iya shigowa ba tunda ba Musulmi ba ne.

Malam ya ce, "A kai ni."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Shekara arba'in ina hura maka wuta, yanzu wurin wanda ba ya ko ɗora tukunya za ka?"

Ya ce, "Kallo zan je yi, ba ci ba."

'Yata ta tambayi likita, ya ce duk abin da ya nema a ba shi. Bayan azahar muka kama hanya.

Wurin shiru kamar ana sallah, kuma abin da ya fara ba ni mamaki, babu ƙarnin kifi ko kaɗan. Aka zaunar da mu a gaban wani dogon teburin katako, mutumin yana tsaye ta ɗaya ɓangaren cikin farar riga. A talabijin ya fi girma. Ya sunkuya mana. Malam ya ce wa 'yata a hankali, "Gaya masa ya bar ruku'u, mu ba kowa ba ne." Ba ta gaya masa ba.

Ya ɗauko jan kifi ya ja wuƙa. Malam ya matso har ƙirjinsa ya taɓa teburin. "Kin gani? Sau ɗaya ya ja, bai dawo da ita ba." Mutumin ya dunƙula 'yar shinkafa a tafinsa, ya ɗora kifin a kai, ya ajiye wa kowa ɗaya a gabansa. Sushi suke ce masa. Ni na san wuraren kifi na bakin teku, inda ake nuna maka kifi ɗanye ka yarda da shi kafin a kai a soya. Don haka na duba nawa da kyau, na gyaɗa kai, na tura masa abinsa na ce, "Ya yi, a soya."

'Yata ta rufe baki da mayafi. "Inna, haka ake ci."

"Haka yaya? Kyanwa ce ni?"

Malam ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa na manta. Da aka fassara wa mutumin, shi ma ya dara, ya ɗauko wata 'yar wuta irin ta masu walda ya babbaka nawa a gabana.

Malam ya danna nasa da yatsa, yadda yake gwada kifi a kasuwa, ya ce na yau ne. Amma bai kai baki ba. Na ce a raina robar nan dai ba makawa. A gefen farantin akwai wani koren abu kamar an kwaɓa kuka, wai wasabi. Ya lakato shi gaba ɗaya ya shafa a kan kifin, kafin 'yata ta ce "Baba, kaɗan ake..." ya jefa a baki.

Idonsa ya yi ja, hawaye suka zubo, ya dafe kai. Na miƙe ina salati ina bubbuga masa baya, na ɗauka shaƙewa ya yi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Zauna. Na ji shi. Wallahi na ji shi har tsakar kaina."

Ya nuna wa mutumin farantin, alamar a ƙara. Ina ƙirgawa da yatsuna a ƙarƙashin teburi, guda tara ya ci. Mutumin ya lura da hannun Malam, ya tambaya, 'yata ta gaya masa sana'arsa. Sai ya miƙo nasa hannun suka jera a kan katakon, kowa yana nuna tabonsa.

A hanyar dawowa, mun kusa shingen shiga Makka, Malam ya ce, "Ba girkinki ba ne. Tun da aka fara maganin nan komai a bakina kamar jiƙaƙƙen kwali yake, tururin abinci mai zafi kuma yana tayar min da zuciya."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Yaya zan ce miki ban jin abincinki?"

Na yi kuka a motar, amma ji na yi kamar an sauke min dutse daga ƙirji.

'Yata ta samo koren abin nan a kanti, cikin 'yar roba kamar ta man goge baki. Na daina kai masa abinci da zafi. Tuwon shinkafa, ɗanwake, dafaffen kifi, duk sai sun huce, in matsa lemon tsami, in ɗiga koren a gefe. Maƙwabciyata ta gani ta ce na haukace. Wata biyar ya yi yana ci a gidansa, daga hannuna. Ba a sa masa roba ba. In baƙin ciki ya taso min, wannan nake riƙewa in gode wa Allah.

Ranar da zai rasu, bayan la'asar, na yi masa farfesun kifi. Hankalina ba ya jikina don na ga numfashinsa ya sauya, shi ya sa ban san me na zuba a tukunyar ba. In na sa gishiri, to harshensa ya dawo a ƙarshe, ya ji girkina. In ban sa ba, to tsokanata ya yi don kar in tsorata. Ya sha cokali uku, ya yi barci, kafin magariba ya cika. An yi masa sallah a Harami washegari. Allah Ya jiƙansa.

Bayan cokali na ukun ne ya buɗe ido ya dube ni, ya ɗan murmusa, ya ce, "Badamagara, kin cika gishiri."